Allurar da Ta Ƙi Motsi

Ana idar da magariba, Gwaggo Mai Mita tana shirin rufe shago, sai ga wani dogon mutum rungume da tsohuwar mitar awon lantarki, irin ta kan tebur mai allura. Ko takunsa ba ta ji ba, alhali matakalar katakon nan ko mage ta hau sai ta yi ƙara.

"Baiwar Allah, an ce ba ta gyaruwa," in ji shi, murya kamar daga cikin randa.

"Wa ya ce? Ajiye nan."

Ta buɗe bayanta, ta kankare tsatsa, ta ɗiga dalma, ta sa sabon batir. Al'adarta ce, ba ta sallamar mita sai mai ita ya gwada da hannunsa: ka kama bakin wayoyin biyu, allura ta motsa, don wuta tana bin jikin ɗan Adam. Ta kama, allura ta ɗaga. Ta miƙa masa.

Ya kama. Allura ko gezau.

"Kin gani? Ba ta gyaru ba."

"Jiƙa yatsunka da yawu."

Ya lasa, ta ji kamar ana goga takarda a bango. Ya sake kamawa. Shiru, kamar wayoyin a iska suke rataye.

Tsikar jikinta ta tashi, amma ba ta ja da baya ba. Ta tura masa mitar har ƙirji.

"Bawan Allah, aikina bai taɓa ƙarya ba, ba kuma a kanka zai fara ba. Mita lafiyarta ƙalau. Cewa take babu kowa a gabana."