Shuɗi a Wuyan Hannun Sufeto

Da hantsin Asabar aka kira Sufeto Warwick Tulloch zuwa Wombat Waters, filin wasan ruwan nan na birnin Gold Coast a jihar Queensland. Iyaye sun yi cirko-cirko a ƙofa, yara na tsala kuka, na'ura ta ƙi karɓar mundayen shiga da suka saya a intanet a rabin kuɗi. Wuyan hannun kowa ya rine da shuɗi.

Sufeto ya ƙara jawo hannun rigarsa ƙasa. Shi ma ya sayi uku don jikokinsa, sun iso ta gidan waya, ya gwada ɗaya da safe, ta rina masa hannu. Shi ya sa yake fama da riga mai dogon hannu a wannan zafi. Araha ba ta ado. In 'yan ofis suka ji, da sunan tsokana zai yi ritaya.

"Oga, ba ka jin zafi?" in ji Saje Leilani Faumuina.

"Mura nake yi. Kira mini mai tsaron ƙofa."

Noelene mai ƙofa ta miƙo masa munduwa ɗaya. "Ta gaske ko a teku ba ta zuba. Wannan kuwa, man kare rana na taɓa ta sai tawadar ta narke. Wa zai fito da yaro bai shafa masa mai ba?"

Saje ta shinshina munduwar. "Oga, albasa."

Sufeto ya san da haka. Tun jiya da ya ajiye mundayensa a ciki, aljihun motarsa ke warinta.

A wurin ajiye motoci akwai mai gasa naman sosej da albasa, Darryl Pocock. Fuskarsa ta yi jawur, hancinsa na saɓa, ya fi naman da ke kan wuta gasuwa.

"Ka san wani abu game da mundaye?" in ji Sufeto.

"Ni? Haba ranka ya daɗe, burodi da sosej na sani. Ko intanet ban iya ba."

Sufeto ya zaro robar man kare rana daga aljihu. "Rana ta cinye ka, abokina. Ungo, shafa."

Darryl ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. "A'a, na gode."

"Haifaffen Queensland ya ƙi man rana? Tun kana firamare ba a barinka fita wasa sai da hula da mai. Me kake tsoron ya narke?"

Saje ta ɗaga murfin akwatin ƙanƙararsa. Ƙarƙashin buhun albasa, mundaye ne jibge.

Darryl ya zauna daɓas. "Ni na buga su a gareji. Sau ɗaya na taɓa su da mai a hannu, rabi suka lalace. Tun ranar na daina shafawa, rana ke ta gasa ni."

Sufeto ya ji sanyi a ransa, asiri ya rufu. Ya miƙa hannu zai ɗaura masa ankwa, Darryl ya ƙura wa bajon sunan da ke ƙirjin Sufeto ido.

"Tulloch? Na Titin Banksia? Kai ne mai guda uku, har da roƙon ragi!"

Hannun rigar Sufeto ya zame. Shuɗi ya bayyana raɗau.

Saje ta tasa ƙeyar Darryl zuwa mota, tana danne dariya. Ta buɗe wa Sufeto ƙofar gaba cikin ladabi.

"Shiga mu tafi, Oga Shuɗi."