Nauyin Hannun Inna

Kwamfuta ya fita saye ranar nan, ba wani abu ba. Tsohuwar tasa ta yi nauyi har ta cinye masa kafaɗa, ga shi sabuwar manhajar gyaran hoto ta ƙi zama a cikinta. Shi kuwa mai hoto ne na yawo, yau taron kamfani a wannan gari, gobe yaye ɗalibai a wancan. Abin da yake nema ba shi da yawa a baki: kwamfutar tafi-da-gidanka marar nauyi, mai allon da ba ya ƙarya a launi, wadda za ta ɗauki manhajarsa ba tare da daskarewa ba. Sai kuma araha, don mutumin namu hannunsa ba ya buɗewa da sauƙi.

Tun la'asar yake zaga benen masu kayan lantarki. Wadda ta yi masa, kuɗinta ya fi ƙarfinsa. Wadda kuɗinta ya yi masa, da ya saka hoton gwaji sai fatar mutum ta koma ja kamar an dafa shi, ko manhajar ta buɗe ta tsaya tana ta juyi. Duk shagon da ya fito sai ya bar musu baƙar magana, don a wannan fannin ba shi da rowa.

Magariba ta kawo kai. Ana ta jan ƙofofin ƙarfe, janareto suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya bi wani lungu ta bayan matakala don ya yanke hanya, sai ya ga shago guda da fitila a kunne. Shekara da shekaru yana shiga benen nan bai taɓa lura da shi ba. Babu warin roba da ƙonannen waya irin na sauran shagunan. Wani wari ne mai ɗan tsami, na tsohon ɗakin wanke hoto, wanda rabonsa da shi tun yana koyon aiki.

Mace ce a bayan kanta. Idon sana'a ya riga hankalinsa aiki: fuskarta ba ƙurji, ba tabo, ba ko 'yan ƙofofin gumin da kowace fata ke da su. Ƙarƙashin hancinta babu inuwa. Ya sha yi wa mata irin wannan fuskar a kan allo, amma bai taɓa ganin tana numfashi ba.

Bai faɗi abin da ya kawo shi ba ta turo masa wata siririyar kwamfuta ruwan toka, ba suna a bayanta. Da yatsu biyu ya ɗaga ta. Ya saka manhajarsa, ta buɗe kafin ya gyara tsayuwa, launi ya fito daidai kamar mutumin cikin hoton zai yi magana. Da ta faɗi kuɗin sai da ya danne murmushi. Ya ma nemi ragi don kada ta gane ya ji daɗi, ta kuwa rage.

"Ina cajar?" ya tambaya.

"Ba ta cin wuta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Abin da ka cire take ci."

"Wato batirin na da ƙarko."

"Kuma ba ta zubarwa. Ajiyewa take yi."

Ya ɗauka daɗin baki ne irin na 'yan kasuwa. Ya saka ta a jaka ya fito yana yi wa kansa kirarin wayo.

Washegari da safe ya shirya tafiya, aikin kwana uku ne na wani kamfani. Mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta biyo shi har bakin ƙofa tana numfashi sama-sama, don ciwon ƙirji ne ya dawo da ita gidansa. Da wankau ta raine shi. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura tun lokacin, fatar ta tsattsage, kullum hannun yana warin man zafi. Ta ɗora shi a kafaɗarsa yadda ta saba.

"Allah ya tsare hanya, Auta."

Ya zame kafaɗar. "Haba Inna, farar riga ce fa. Kullum sai kin goga min man nan, in shiga cikin mutane ina wari kamar kantin magani."

Ta janye hannun ta ɓoye a cikin mayafi. "Yi haƙuri. Mantawa nake yi."

Matarsa ta dube shi ta kawar da kai.

Da yammacin farko, a ɗakin otal, ya zauna gyara. Manajan kamfanin yana da wani baƙin tsiro a gefen hanci. Mai hoto ya ɗora da'irar gogewa a kai ya danna, tsiron ya ɓace, batir ya ɗan ƙaru a kusurwar allo. Da safe manaja ya shigo zauren taro hancinsa sumul, yana ta shafa wurin da yatsa kamar wanda ya yar da makulli.

Ya gani. Kada wani ya ce bai gani ba. Ya kuma ji jakar ta ɗan ƙara nauyi a kafaɗarsa, ya ce wa kansa gajiya ce.

A rana ta biyu suka nemi hotonsa shi ma, za su saka a bayan ɗan littafin taron. Guda ɗaya ne ya yi kyau a ciki, wanda matarsa ta ɗauka ranar da ya buɗe shagonsa. Ga shi cikin kwat, ga Inna ta matso jikinsa da koɗaɗɗen zani, hannunta a kafaɗarsa. Yanke hoton ba zai yi ba, ta shige masa da yawa. Ya tsaya yana kallon hannun nan, baƙi, busasshe, a kan kwat mai tsada. Ya ja tsaki ya goge shi. Sai ya ga tsohuwa ba hannu ta fi muni, ya zagaye ta gaba ɗaya ya danna. Manhaja ta cike gurbinta da bango, fes, kamar ba a taɓa tsayawa a wurin ba.

Batir ya tashi daga kwata ya cika taf. Mutumin namu har da fito. Ya adana aikin a kan hoton asali, abin da maigidansa ya hana shi tun ranar farko ta koyon aiki, ya juya kan fuskokin ma'aikata. Ƙuraje, tamoji, tabon ƙuna, giɓi, duk ya bi ya share yana yi musu dariya shi kaɗai, har rana ta yi ja a labule.

Wari ne ya fara tsayar da shi.

Man zafi. Ya shinshina rigarsa, ba ita ba ce. Taga a rufe take. Ya sunkuya, sai ya ji daga 'yan ramukan iska na gefen kwamfutar warin ke fitowa, da ɗumi.

Ƙarar fankarta ma ta sauya. Ta ja, ta tsaya, ta saki da ɗan shesheka. Ya san wannan numfashin. Shekara uku yana jin sa ta bango yana toshe kunne da matashi.

Tebur ya yi ƙara. Ya sa hannu biyu zai matsar da kwamfutar, ta ƙi motsi.

Waya ta yi ruri. Matarsa ce, tana magana a hankali don kada yara su ji.

"Maigida, ba mu ga Inna ba."

"Kamar yaya ba ku gan ta ba?"

"Tun azahar ta shiga ɗaki ta kwanta. Na kai mata ruwa, ba kowa. Takalmanta na nan. Ƙofar gida a kulle, makullin yana hannuna."

Wayar ta zame ta faɗi a kan gado, bai kashe ba. Daga cikin ramukan iskan wata siririyar murya ta fito.

"Auta."

Ya matso da kunnensa kusa da ramukan.

"Auta, akwai zafi a nan."

Ya nemi asalin hoton, ya tuna ya danne shi. Hanya ɗaya ta rage, maɓallin komawa baya, shi kuwa taku ɗaya-ɗaya yake tafiya. Tsakaninsa da Inna akwai fuska arba'in da wani abu. Batirin da ya cika da rana, aikin yini ya cinye fiye da rabinsa, don ƙuraje da tabo ba sa ƙosar da kwamfutar.

Ya danna. Giɓi ya dawo bakin wani direba. Batir ya sauka.

Ya danna. Tabon ƙuna ya dawo wuyan wata sakatariya. A ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa wata mata ta yi 'yar ƙara ta yi shiru.

Batir talatin. Ashirin da biyu. Gumi na shiga masa ido bai tsaya sharewa ba. Numfashin cikin kwamfutar yana ƙara gajarta.

Tara.

"Inna, ki riƙe," ya ce da raɗa. "Ga ni nan."

Biyar. Uku.

Bango ya yi rawa a cikin hoton, koɗaɗɗen zani ya fito, Inna ta dawo gefensa. Tebur ya saki ƙara kamar an sauke masa kaya. Daga kan gado muryar matarsa ta taso, can nesa, tana kuka. "Ga ta. Ga ta a kan gado."

Saura taku ɗaya. Kafaɗar kwat ɗin har yanzu ba hannu a kanta.

Ya danna. Shiru.

Ya sake dannawa. Batir ɗaya.

Ɗan idon kyamara na saman allo ya kawo haske. Hoton ya gushe, fuskarsa ta bayyana, da ɗakin, da labule. A bayan kujerarsa mai shagon nan ce tsaye, fuskarta sumul. Warin tsami ya cika ɗakin. Bai juya ba.

"Yunwa take ji," ta raɗa masa daidai kunne. "Ka ba ta wani abu."

Da'irar gogewa ta taho da kanta ta sauka a kan hannunsa na dama. Yatsunsa suka yi sanyi. Ya ga faratansa sun fara dusashewa, a allo da kuma a kan tebur.

"Ka ba ta hannunka, ta saki na mahaifiyarka. Danna kawai."

Ba zan rufa wa mutumin namu asiri ba: sai da ya tsaya ya yi tunani. Ya tuna hannun nan cikin ruwan sabulu da sanyin safiya, yana murza kayan mutane don shi ya je makaranta. Ya kuma tuna yatsansa a kan maɓallin kyamara, da shagonsa, da sunansa a bayan ɗan littafi. Duka biyun ya tuna.

Ya fizge hannunsa ya cusa a hammata.

Ta yi dariya marar sauti, sai iskar da ya ji a wuyansa.

"Na sani," ta ce. "Irinku nake sayar wa."

Da'irar ta zame ta hau fuskarsa. Hancinsa ya yi sanyi. Leɓɓansa suka fara mannewa da juna.

Da hannun hagu ya buga murfin ya rufe. Ya faɗi da kujera, ya rarrafa, ya sami ƙofa. Bai tsaya ba sai a bakin titi, ba takalmi, cikin fitilun motoci da hayaniyar mutane, yana ta laluba fuskarsa. Komai na nan. Sai da gari ya waye ya koma ɗakin ya kwashe kayansa, har da kwamfutar.

Da ya koma gida ya tarar da Inna zaune a bakin gado, hannunta na dama yana lilo daga kafaɗa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ko da yake ya daɗe yana jujjuya takardun gwajin. Ba ta tuna komai ba sai zafi da duhu. Ita ce ma ta riga shi magana.

"Ka yi haƙuri, Auta. Na ƙara muku ɗawainiya."

Har yau bai faɗa wa kowa abin da ya faru ba.

Ya koma benen. Bayan matakala bango ne da mitocin wuta, sai tarin kwalaye. Kwamfutar ba ta sake kunnuwa ba, masu gyara uku sun nemi kusoshin buɗe ta ba su samu ba. Yarwa kuma ba ta yiwuwa. Ran da ya manta ta a mota cikin rana, Inna ta yini tana kuka wai hannunta na ƙuna, hannun da ko allura ba ya ji. Tun daga nan duk inda za shi da ita yake tafiya, a jaka ɗaya da wata ƙatuwa da ya saya da tsada don aiki. Siririyar ta fi ranar da ya saye ta nauyi kaɗan. Ya san nauyin mene ne.

Yanzu in zai yi tafiya sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan sauke kafaɗa, yana jira. Inna ko na hagun ba ta ɗagawa, ta ce ta yi hankali, ba za ta ƙara ɓata masa riga ba.

"Je ka abinka, Auta," takan ce tana murmushi. "Ai duk sanda ka rataya jakar nan sai in ji kamar na dafa ka."

Sai ya rataya ya fita. Kafin ya kai bakin titi kafaɗar ta yi ɗumi, farar rigar kuma ta ɗauki warin man zafi.