Mai Ɗaukar Kwafin Magariba

Ana shirin kiran magariba na isa ofishinmu da ke bayan Gobarau, raina a ɓace. Rumbun da ke riƙe da tsarin duk sabobinmu, wato manyan kwamfutocin ofis, ya lalace, manhajar ɗakin gwajin jinin da muke kula da ita ta tsaya cak. Idan ban dawo da shi daga kwafin ajiya ba kafin safiya, marasa lafiya ba su da sakamako, ni kuma ba ni da aiki.

Sagir abokin aikina nake zargi. Tun rasuwar Malam Baƙo yake hararar kujerar marigayin da aka ba ni. Marigayin shi ke ɗaukar kwafin da hannunsa kullum da magariba, don bai yarda na'ura ta yi ita kaɗai ba. Har sallama yake yi wa ɗakin sabobin, wai akwai masu wurin. Dariya nake yi masa.

Na tura ƙofa na shiga bakina a rufe. Sanyi, da gurnanin fanka. Na buɗe ma'ajiyar, sai ga kwafi a jere har na jiya, kowanne sunansa ya fara da "bismillah", yadda Malam Baƙo ke rubutawa. Na ce to, tarkon Sagir ne. Na kira Sagir.

"Kai kake ɗaukar kwafin nan?"

"Wane kwafi? Ni hwa na ɗauka ke ce," ya ce. "Haulat, halan ke ɗai ce a ɗakin? Kin yi sallama?"

Na kashe wayar. Ba ni da zaɓi, na fara dawo da na jiya. Sabobin suka riƙa farkawa ɗaya bayan ɗaya.

Sai na ji ƙamshin turaren wuta. Ba ma kunna ko ashana a ɗakin nan.

Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama.

Madannan kwamfutar gefe suka fara nutsewa da kansu, a hankali. A allon, sabon kwafi yana fitowa: bismillah.

"Baƙuwa," aka ce dab da kunnena, "ba a koya maki shiga ɗakin mutane ba?"

Ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na ja, na ja. Numfashi mai zafi yana sauka a wuyana.

"Salamu alaikum," na ce.

Ƙofar ta buɗe. Ban tsaya ba sai bakin titi, ƙafa ba takalmi.

Da safe komai yana aiki. Na nemi gafarar Sagir, ya ƙi kallon ƙofar ɗakin. Yanzu ba na shiga sai da sallama, kuma kullum ina tarar da kwafin magariba. Rana ɗaya na manta don sauri. A ranar ba a ɗauka ba, kuma na jiya ma an goge.