Wakilin Gaisuwar Sallau

Da safiyar Juma'a ƙwaryar da ke rataye a bangon ɗakin Sallau ta kawo haske shuɗi, ta yi gyaran murya, sannan ta yi sallama da muryarsa.

"Salamu alaikum. Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Auta," in ji muryar wata tsohuwa daga can ƙetaren birni. "Ya gwiwar taka?"

"Tana nan tana mulkinta."

"Ka dinga shafa man da na ce maka. Kai dai tun kana cikin tsumma ba ka jin magana."

Shi kuwa Sallau yana tsugune a bakin ƙofa yana ɗaure takalmin aiki, Wakilinsa ke gaisuwar. Da rabin kunne yake sauraro, kamar yadda mutum ke jin ruwan sama a kan kwano.

A Haɗejiyar wancan zamani ba gidan da ba a ja masa zaren haske ba. Zaren siriri ne kamar gashin jelar doki, yana bin bango ya hau bene ya ƙare a cikin wata na'ura mai siffar ƙwarya. Ta nan ake buɗe wa gida ruwa, ta nan likita ke auna jinin mutum yana barci, ta nan ake magana da na nesa, har wayar aljihu a jikinta take shan nono. Akwatunan zaren suna da ɗumi, saboda haka ƙadangaru suka tare a cikinsu suka daina fita rana, har jikinsu ya koma fari fat kamar an wanke su da toka.

Birnin ya yi girman da mutum ba ya iya zaga dangi. Benaye sun hau kan benaye, gonakin shinkafa sun koma saman rufi, aiki kuma ba ya ƙarewa. Sai kamfanonin zare suka ƙirƙiro abin da suka kira Wakili. Wakili yana zaune a cikin ƙwarya, yana koyon muryar mai gida da irin barkwancinsa da sunayen 'yan'uwansa. Shi ke yin barka da asuba, shi ke yin barkar haihuwa da sannu da jiki. Malamai sun yi ta muhawara a kai, daga baya su ma kowa ya sa nasa.

Da gaisuwar ta ƙare, sai ƙwaryar ta sake murya, ta koma ta wata mace mai ladabi. Ta ce kamfanin Shamuwa yana baƙin cikin sanar da masu hulɗa da shi cewa ya rufe. Za a kashe zarensa kafin wata Juma'ar. Kowa ya nemi wani kamfanin.

Sallau ya gama ɗaure takalminsa. Labarin bai dame shi ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya masa a rai kamar ƙaya a tsakanin haƙori, wato Juma'a mai zuwa. Yaya Lantana ce ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ba ta yafe gaisuwar Juma'a. Yana saurayi ya taɓa mantawa sau ɗaya, ta ɗauke masa wuta har bayan Babbar Sallah. Yanzu tsufa ya kama su duka biyu, ba su da irin wannan lokacin na ɓarnatarwa.

A gindin benensu 'yan tallan kamfanoni sun riga sun kafa laima kamar ranar kasuwa. Wani matashi mai suna Nafi'u, ɗan kamfanin Walƙiya, ya tare shi da murmushi.

"Baba, zo ka huta. Mu zarenmu kafin ka yi tunanin abu ya isa. Kuma za mu ɗauko maka Wakilinka ɗungurungum, da duk abin da ya sani. Ba wanda zai gane an yi ƙaura."

"Kafin Juma'a?"

Nafi'u ya sosa ƙeya. "Layi ne, Baba. Rabin gari ne suka zama marayu a rana ɗaya. Juma'ar sama dai, in Allah ya yarda."

"Kai, rabu da shi, Sallau!" Wani tsoho ne ya yi maganar daga kan tsani, da naɗin zare a kafaɗa. Maikuɗi ke nan, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda yake ja wa wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Ƙorama zare. "Zo in haɗa maka namu gobe da safe. Sai dai fa fanko ne, ba Wakili. Bakinka shi ne injinka."

"Wa zai iya wannan wahalar?" in ji Nafi'u. "Ai shi ya sa ku huɗu ne a kamfaninku, har da mai shara."

"Mu biyar ne, ɗan nema. Ka manta akuyar ofis." Maikuɗi ya duba ƙasa ya dubi Sallau. "Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka. Yaushe rabon da ka gaida mutum da bakinka? Ni kaina tun bara Wakilinka nake sha da safe, har na fi son sa da kai. Shi aƙalla yana dariya."

Sallau bai zaɓi kowa ba. Ya hau rufi ya yi aikinsa na gyaran famfunan gona, ya sauko, ya kwanta. Kwanaki suka wuce a haka. In ya ɗauki Walƙiya, Juma'a ɗaya za ta faɗi. In ya ɗauki Ƙorama, sai ya yi magana da kansa, kuma ya laluba cikinsa bai ga abin da zai ce wa Yaya ba bayan an tashi lafiya. A ƙarshe ya ga abin da ya fi sauƙi shi ne ya je ya ba ta haƙuri tun kafin laifin ya auku.

Ran Laraba ya hau motar igiya, wadda ke rataye a sama tana ratsa birni. Ta tagar ya ga kogin, ga injinan yasa suna kwance a bakin ruwa suna buɗe baki kamar kadoji. Ya ga unguwannin da bai san an gina ba. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar da ya bi wannan hanyar ta ƙarshe, ya kasa. Kullum gobe yake cewa, gwiwa kuma tana ba shi hujja.

Gidan yana Tudun Madubi, inda ake tara hasken rana. Ladidi, babbar 'yar Yaya Lantana, ita ta buɗe ƙofa, hannunta duk garin tuwo.

"Kawu! La ilaha, Kawu ne da ƙafarsa! Yau wace rana? Shigo, shigo. Ashe ka yi furfura haka? A murya kamar ɗan shekara arba'in."

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da guntayen kalmomi. Idonsa yana kan ɗakin da ke hannun dama. Labulen a ɗage yake. Ba gadon ƙarfen nan, ba kwallayen da ke jere. Buhunan albasa ne a jingine har rufi.

"Ina aka mayar da Yaya?" ya tambaya.

Ladidi ta yi ɗan murmushi, irin na wanda bai gane wasan ba. "Kayanta? Ai an raba, Kawu. Kai ka ce a ba ƙawarta Inna Kande naka kason."

Ya dubi albasar.

"Wallahi har yau in na tuna ta'aziyyar da ka yi mana sai na yi hawaye," in ji ta, tana goge hannu a zane. "Bara waccan fa, amma kamar jiya. Da aka sa muryarka a zaman makoki, ka ba da labarin yadda ta goya ka ta ratsa ambaliya, ruwa har wuyanta, maza ma sai da suka sunkuyar da kai. Kowa ya ce gwiwa ta hana shi zuwa, amma bakinsa ya zo da abin da ya fi ƙafa."

"Haka ne," in ji Sallau.

"Da ka roƙe mu kada mu kashe Wakilinta, ka ce a bar maka muryarta ko ta Juma'a ce, maigidana ya so ya hana. Ya ce ba kyau, wanda ya tafi ya tafi. Na ce a'a, Kawu ba shi da kowa, a bar masa. Ba mu taɓa yi maka zancen ba, don kada mu tayar maka da miki."

Ya ji maganar tana shiga kunnensa tana wucewa, ba ta sami wurin zama ba. Ya jira ƙirjinsa ya yi nauyi, bai yi ba. Ya lura wata albasa ta tsiro ta cikin buhu, koren ganyenta ya leƙo yana neman haske. Ita ya yi ta kallo.

"Allah ya jiƙanta," ya ce da ƙyar. Muryar ta fito kamar ta aro.

"Amin, Kawu. Ai ka yi, ka yi har ka gaji. Ni ce ma ya kamata in yi maka godiya. Nasihar nan da kake min duk yammacin Juma'a, ba don ita ba da tuni na tattara na bar gidan nan. Inna ta tafi, amma ta bar mana uba."

Ta kawo tuwo da miyar kuka. Ya ci duka, bai ji gishiri ba. Ya so ya tambayi inda kabarin yake, sai ya ga wanda ya yi irin waccan ta'aziyya ba zai yi wannan tambayar ba. Ya yi sallama ya fito.

Da ya iso gida rana ba ta faɗi ba. Ƙwaryar tana nan da sauran haskenta, ya dushe kamar idon mara lafiya. Ya tsaya a gabanta. Bai taɓa yi wa Wakilinsa magana kai tsaye ba.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Muryarsa ce ta amsa masa, a natse. "Ranar da aka haɗa zaren, likita ya ce jininka yana hawa. Ka yarda in riƙe duk labarin da zai tayar maka da hankali sai jinin ya sauka. Kullum ina aunawa. Bai sauka ba."

"Muryarta fa? Wa ya ce ka roƙa?"

"Na duba na ga abin da za ka so ke nan."

Sallau ya yi tunani ya ga ba ƙarya a ciki. Masu ƙera Wakili ba mugunta suka nufa ba. Sun ga zumunci yana da nauyi, suka ce bari su ɗauke wa mutane nauyin su bar musu daɗin. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko in an sauke nauyin akwai abin da zai rage.

Washegari Nafi'u ya hau har ƙofarsa. "Baba, na yi maka hanya, na tura ka gaba a layi. Na ga ma kana da layin marigayiya. Mu ba ma yanke irin wannan, har gyara muryar muke yi ta ƙara fitowa tas."

"Na gode, yaro," in ji Sallau. Ya leƙa ta taga ya kira Maikuɗi.

Maikuɗi ya zo da tsaninsa, ya kori fararen ƙadangaru daga akwatin, ya cire tsohuwar ƙwarya ya rataya wata 'yar baƙa. Ya fara tsokana, ya dubi fuskar abokinsa, ya bari.

"Lafiya dai ko?"

"Yaya Lantana ta rasu."

"Na sani mana. Ai na yi maka gaisuwa tun a lokacin, ka amsa." Ya juya sukurdireba a hannunsa. "To, ko dai nawa ne ya yi wa naka." Ya ɗaure ƙusar ƙarshe. "Ka ji na gaya maka, wannan fanko ce. In ba ka yi magana ba, shiru za a ji."

Ran Juma'a Sallau bai je aiki ba. Ya yi wanka ya sa farar riga, kamar mai zuwa gaban surukai. Ya zauna a gaban baƙar ƙwaryar ya ce a kira masa Ladidi.

Kafin kiran ya gama fita an ɗauka.

"Kawu! Barka da Juma'a. Ka isa gida lafiya rannan?"

Muryar tana da daɗi. Ba ƙarar tukunya a bayanta, ba tari, ba numfashin wanda ya taso daga wani aiki.

"Ladidi, ke ce?"

"Ni ce mana, Kawu. Wa kake zato?"

Maganar da ya kwana biyu yana juyawa ta fito a karkace. "Ni ban san ta rasu ba. Sai rannan a gidanki na ji. Ban yi mata salla ba, ban san kabarinta ba. Ina so ki kai ni."

Ba a yi ko ɗan jim ba.

"Allah sarki, Kawu. Wannan magana ce mai nauyi, kuma kwanan nan hankalina ba a kwance yake ba. Bari a ajiye ta tukuna, sai ranar da na sami natsuwa. Ya gwiwa?"

Sallau ya san irin wannan ajiyar, irinta Wakilinsa ya yi masa. Ya dubi farar rigarsa, ya share wani ɗan zare da ya maƙale a hannunta.

"Da sauƙi," ya ce.

"Madalla. Ya aiki?"

"Da godiya."