Mai Sarewar Jirgin Ƙarfe Shida

Midhat ya ce a hannunsa shahararren mai sarewa Usta Bulbul ya cika.

A falonmu na unguwar Shubra ya faɗa, ranar da ya zo da babansa neman aurena, ina tsaye da farantin sharba, abin shan baƙi. Rediyo ce ta jawo, ta sako tsohuwar waƙar nan Jirgin Ƙarfe Shida.

"Kun ji sarewar nan? Malamina ne," ya ce yana gyara tabarau. "Shekara uku ina ɗaukar masa jaka. Ni na rufe masa ido."

Ni ban yi jami'a ba. A bayan kwalin kaset na koyi karatu. Amma na san wanda ya busa sarewar nan, tunda ni ke wanke masa jallabiya.

Kakana, Hajj Abdussami, na zaune a kusurwa yana ɓare lemo. Tun da ya dawo Hajji ya jefar da sunan Bulbul, ya hana mu ambata ko a gaban maƙwabta.

Na yi wa Midhat ido. Ina son yaron nan, wallahi. Shi da ya yi wata takwas yana jirana a tashar mota da gasasshen dankali a takarda, me ya kai shi kashe min kaka?

"Midhat, sha sharbarka..."

"Bari, Nahla, hasken idona, maganar masana ce. Kun ji inda sarewar ta ɗan yi shiru? Ya ce min wannan shirun kukan rabuwa ne."

Babansa ya gyaɗa kai, har da share ƙwalla. Mamata ta shige kicin da gudu.

"Allah Sarki," in ji Kaka. "Ya sha jinya?"

"Sosai, Hajj."

"An samu jama'a a jana'izar?"

"Titi bai ɗauke mu ba."

"Madalla. Ban zaci ina da mutane haka ba."

Kofin Midhat ya tsaya a iska.

Kaka ya tofar da ƙwallon lemo a tafinsa. "Shirun nan tari ne ya sarƙe ni, ɗana. Faifai ɗaya ya rage a ɗakin ɗaukar, aka bar shi haka."

Baban Midhat, da ya riga ya ɗaga hannuwa don Fatihar baiko, ya rasa inda zai kai su.

Idona ya cika. Haushi ne, kada wani ya ce so.

Kaka ya dube ni. "Nahla, ke za ki zauna da shi. Mu karanta, ko in koma kabarina?"

Na ajiye farantin.

"Ya fara yi maka ta'aziyya tukuna."