Sheƙar Shamuwa a Gidan Goni

"Wa ya ce ka taɓa ta, Celestine?"

Da gudu na fito ina tambayarsa. Yana tsaye ƙarƙashin tsamiyar gidanmu a Fagge, zarto a hannu, ga sheƙar shamuwa a ƙasa ta tarwatse.

"Ai sun tafi, Kubura. Kyari ne ya ce Baba na so a sare reshen..."

Kyari, ɗan baffana, wanda na ƙi aurensa tun ba yau ba!

Celestine kafinta ne daga Sabon Gari. Ƙofar zaure ya zo gyara mana, ya zarce da ɗaukar karatu wurin mahaifina, Baba Goni, ni kuwa na zarce da neman dalilin kai ruwa zaure. A kakar nan, duk inda aka aike ni sai ya bi da ni ta filin bayan tashar jirgi. Mu tsaya muna kallon shamuwa suna taruwa a sama, su kewaya, su miƙe kudu.

"Ta kan garinmu za su bi. Ba su saƙo wurin mahaifiyata."

"In ce me?"

"Ki ce surukarta na gaisuwa."

Sai in rufe fuska da mayafi, daɗi kamar ya kashe ni.

Bawan Allah bai san ba a taɓa sheƙar shamuwa ba. Tun zamanin kakana suke sauka gidanmu kowace damina, mu kuwa albarka muka ɗauke su.

Baba ya fito, ya daɗe yana kallon ƙiraren.

"Baba, wallahi ban sani ba..."

"Yaro, ka sare mini albarkar gida, kuma kana neman 'yata? In shamuwa ta dawo gidan nan, ka zo mu yi magana. In ba ta dawo ba, kada in ƙara ganinka."

Kafin Celestine ya fita sai da ya kafa katako a wani reshen, ya tattara ƙiraren ya mayar.

"Za su dawo, abar ƙaunata," ya ce a hankali.

Duk ranin nan wuyana a sama yake. Hadari ya fara haɗuwa, shamuwar maƙwabta ta sauka, tsamiyarmu shiru. Ana haka rikicin shekarar hamsin da uku ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari. 'Yan'uwansa suka sa Celestine a jirgin ƙasa mai zuwa kudu, ko sallama ba mu yi ba.

Ba a daɗe ba Inna ta kira ni da safe.

"Kubura, fito ki gani."

Shamuwa biyu ne a kan katakonsa, suna gyaran gida. Baba ya ɗaga kai ya dube su, ya yi murmushi.

"A kirawo mini yaron nan."

Babu wanda ya motsa. Ni ce na fashe da kuka.

Yanzu na yi furfura, amma har yau in kaka ta yi sai na fita kallon tashinsu. Saƙona bai taɓa canzawa ba.

"Ku gaya masa Baba ya ce ya zo."