Ranar Ja

Ƙarfe tara na safe wata likita ta kira ofishin 'yan sanda. An sace fayil ɗaya daga ɗakin da take ganin masu ciwon damuwa, na wani tela da ya kashe kansa makon jiya. Jibi kwamitin bincike zai zo, kuma in ba a ga tsarin kulawar da ta rubuta masa ba, aikinta ya tafi ke nan.

Sufeto ya zo ya duba durowar da ake ajiye fayil ɗin. Ba a fasa ta ba.

"Me ke cikin tsarin?"

"Magani da ranakun zuwa," in ji ta. "Ranar da abin ya fi ƙarfinsa, mun raɗa mata suna ranar ja. Ƙa'ida ce wani ɗan'uwa ya sa hannu cewa in aka kira shi zai ɗauka. Yayansa ya sa. Yanzu yana cewa ban rubuta komai ba."

Akawun asibitin ya rantse makulli ba ya barin aljihunsa. Mai shara ta taɓe baki. Ranar Alhamis, in ji ta, ya tafi shan shayi ya bar shi jikin durowa, ga wani mutum mai baƙin mai a hannu zaune kan benci.

Yayan telan bakanike ne. Sufeto ya same shi a gareji, ƙarƙashin mota.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa taka asibitin nan ba. Da an gaya min a ranar ja yake, ai da..."

"In ba ka taɓa zuwa ba, wa ya gaya maka ana ce mata ranar ja?"

Baki shi ke yanka wuya. Mutumin ya zauna daɓas a ƙasa. Can ya jawo akwatin sifanu, ya fito da fayil ɗin. Ko nannaɗe shi bai yi ba. Sufeto ya sha ganin ɓarayi suna kuka, amma wannan ya taɓa masa zuciya.

"Sau uku ya kira ni," in ji bakaniken. "Ina ɗaure giyar mota. Na ce a raina ya sake farawa ke nan, bari in gama tukuna. Sa hannuna yana shafi na biyu."

Ya miƙa hannuwansa da kansa. A bakin motar 'yan sanda ya tsaya.

"Don Allah ku ce wa Inna sata kawai na yi. Kada ku gaya mata autanta ya kira."